Yini ɗaya a Iskandariyya: na ɓata ranar ne ko na more ta?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta haɗa ni da ɗan yayana, mun kwana biyu muna ja-in-ja a kanta babu wanda ya sauko, shi ya sa na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi mu sanin hanya. Na raka mahaifiyarmu Alƙahira ganin likitan gwiwa, kuma tsakanin gwaji da fitowar sakamako aka ba mu kwana uku da ba mu da abin yi. Ƙanwata ta ce za ta zauna da Hajiya, shi kuma yaron, wanda yake karatu a Azhar, yana cikin jarrabawa, don haka ya rubuta mini wurare bakwai a takarda, ya yanko mini tikitin jirgin ƙasa na sassafe, ya ce in je in ga Iskandariyya in dawo da dare.

Tafiyar kilomita 200 da ɗoriya ce, mun yi ta cikin awa biyu da rabi da 'yan mintuna, ta Banha da Tanta da Damanhur, kuma tun daga fitowarmu har isarmu idona bai sauka daga kan gonaki kore shar ba. Kuskurena na farko shi ne da jirgi ya tsaya na ga rabin taragon ya miƙe, sai na bi ayari na sauka, ashe tashar Sidi Gabir ce, alhali yaron ya ja mini kunne cewa in zauna har tasha ta ƙarshe wadda suke kira Mahaɗɗat Misr. Kafin in farga jirgi ya ja. Na tambayi wani mai sayar da jarida ina teku yake, da irin Larabcinmu na zaure, ya dube ni yana murmushi ya ce "sadaƙallahul azim", sannan ya nuna mini titi da hannu.

Ni mutumin Kano ne, kuma ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a gabansa shi ne madatsar Tiga da kogin da ake ƙetarewa a Lokoja. Da titin ya ƙare na tsallaka babbar hanyar da suke kira Kurnish, sai na ga ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Iska ce ta fara tarbata, mai ɗanɗanon gishiri a leɓe, sannan wata igiyar ruwa ta daki manyan tubalan kankare da aka jibge a bakin gaɓar, ta fantsamo ta jiƙa mini kaftani har aljihu. Na hau kan katangar na zauna da niyyar in huta minti goma. Wani dattijo yana gefe da doguwar sandar fatsa, ya zuba mini shayi a murfin flas ɗinsa, ya tambaye ni ko daga Sudan nake, muka yi ta hira rabi da baki rabi da hannu. A gabana ya kama ƙananan kifaye uku, ya mayar da ɗaya cikin ruwa domin ya yi ƙanƙanta. Da na duba agogo, sha ɗaya ta gota, na yi kusan awa biyu a wurin.

Daga nan na shiga babban ɗakin karatu, na yi azahar a masallacin Abul Abbas al-Mursi, na ci kifin da ya cinye mini awa biyu da kuɗin da ban yi kasafinsa ba, na shiga sansanin Ƙayitbai dab da za a rufe, na kalli faɗuwar rana, na kamo jirgin dare. Wurare uku ke nan cikin bakwai. Yaron ya ce na kashe kuɗin tikiti na je na kalli ruwa, ni kuwa har yanzu idan na rufe ido wannan ruwan nake gani. Shin wanda ya samu yini ɗaya tak a garin da bai sani ba, bin takarda ya kamace shi ko bin abin da ya kama zuciyarsa?

Ɗalibin Darrasa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Da izininku zan goyi bayan ɗan'uwana ɗalibi, domin na raka baƙi garin nan ya fi sau goma, kuma takardar da ya ba ku ba da ka ya rubuta ta ba. Wuraren tarihi galibi suna rufewa da la'asar sakaliya, shi kuwa teku ba shi da ƙofa balle mai gadi, don haka hankali ya nuna a fara da abin da ake kullewa, a bar abin da yake buɗe har dare. Da kun sauka a tasha ta ƙarshe, dandalin wasannin Rumawa na Kom al-Dikka yana nan kusa da ita, da ƙafa ake zuwa. Daga can tasi zai kai ku unguwar Karmuz inda dogon ginshiƙin dutsen da ake kira Amud al-Sawari yake, kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shuƙafa kuma suna bayansa kaɗan. Kafin azahar kun gama da uku, sannan ku nufi masallaci da sansani, ku biyo gaɓa zuwa ɗakin karatu. Fadar Muntaza ce kawai nake ganin ya zaƙe da ya saka ta, domin tana can ƙarshen gari ta gabas, kuma cunkoson Kurnish da yamma zai iya cinye awa guda cur. Ruwan da kuka zauna kallo da hantsi, da magariba ma yana nan bai tafi ko'ina ba.

Hajiya Mai Atamfa:

Ni batun kifin ne ya tsaya mini a rai, Alhaji, domin na san yadda aka yi ko ba ka faɗa ba. Sun kai ka gaban tiren ƙanƙara, ka nuna wanda ya yi maka kyau a ido, suka yi ciki da shi, ko ba haka ba?

Baban Khalifa:

Kamar kina wurin, Hajiya. Na nuna kifi ɗaya babba da jatan lande ɗan kaɗan, na zauna, sai ga faranti sun fi takwas an jera mini, da tahina da gasasshen gauta da ganye iri-iri da burodi, ni kuwa na ɗauka karamci ne irin na masu gida. Da takardar kuɗi ta zo sai na ga ta ninka abin da na ƙiyasta kusan sau uku, kuma babu bakin musu tunda na riga na cinye.

Hajiya Mai Atamfa:

To ai ba a yi maka fashi ba, al'adar wurin ce ba ka sani ba, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. A irin waɗannan gidajen abinci na unguwar Bahari da Anfushi da kilo ake sayar da kifi ɗanye, kuɗin gashi ko suya daban, ƙananan farantan nan ma a wurare da yawa kowanne da kuɗinsa, sannan a ɗora kuɗin hidima a kai. Abin da nake yi shi ne in tambayi kuɗin kilo kafin in nuna komai, in tsaya a ɗora a sikeli a gabana, in sa yaron ya rubuta jimilla a takarda, sannan in zauna. Wanda yake sauri kuma bai kamata ya kusanci kifi da rana ba, ya sayi burodi da soyayyar hanta irin tasu wadda suke kira kibda Iskandarani, mai barkono da tafarnuwa, ya ci a tsaye cikin minti goma ya wuce. Awa biyun da suka salwanta a wannan tafiya na teburin kifi ne, ba na bakin teku ba, kuma a nan na saɓa da ɗalibinmu. Shekarata fiye da goma ina zuwa sarin kaya Kwatano da Lome, kuma har yau idan na gama da kasuwa sai na sa an kai ni bakin ruwa na zauna, domin mu da muka tashi a inda ake haƙa rijiya gaba ashirin kafin a ga danshi, ganin wannan abu ba ya zama mana jiki.

Malamin Tarihi:

Ina so in ɗan rage wa ɗan yayan Alhaji ƙarfin hujjarsa ta wata fuska. Ukun da aka gani ba ƙananan uku ba ne, kuma tafiyar da aka yi daga ɗakin karatu zuwa sansani ita kanta darasi ce ga wanda ya san abin da yake takawa. Lokacin da Iskandar na Makidoniya ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wurin da sansanin yake tsibiri ne mai suna Faros, ruwa ya raba shi da gari. Sarakunan Badlamiyawa da suka gaje shi ne suka gina doguwar hanya ta fiye da kilomita ɗaya a cikin ruwa suka haɗe tsibirin da tudu, wadda ta raba tashar jiragen ruwa gida biyu, ta gabas da ta yamma. Da shekaru suka yi ta tafiya yashi da laka suka taru a gefenta har ta zama unguwanni. Wato masallacin da Alhaji ya yi azahar da gidan kifin da aka tsawwala masa kuɗi, duk a wannan yanki da tsibirin ya haɗe da gari suke zaune.

A bakin wannan tsibiri aka gina hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya, a ƙarni na uku kafin miladiyya, tsayinta ya haura mita 100, kuma tana cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cinta, musamman ta shekarar 1303 da ta 1323. Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya zo har Mali da Takedda, ya ga hasumiyar a 1326 gefe ɗaya ya rushe, da ya dawo a 1349 kuwa ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Sarkin Mamluk al-Ashraf Ƙayitbai ya sa aka gina sansanin a kan kufanta tsakanin 1477 da 1479, domin tsare gaɓar daga hari ta ruwa. A 1994 masu nutso ƙarƙashin jagorancin Jean-Yves Empereur, masanin kayan tarihi ɗan Faransa, suka tarar da manyan duwatsu da gumaka jibge a ƙarƙashin ruwan da ke kewaye da sansanin. Alhaji, ko ka lura da wasu jajayen duwatsu a jikin ƙofar shiga, waɗanda suka bambanta da sauran ginin?

Baban Khalifa:

Na lura da su ƙwarai, Malam, domin ginin duka fari ne mai ɗan rawaya, su kuwa ja ne masu ƙyalli da santsi, har na shafa ɗaya da hannu ina mamakin dalilin da ya sa magini zai haɗa dutse iri biyu. Abin da ya fi tsaya mini a ciki shi ne 'yan tagogin nan, waɗanda suke da faɗi ta ciki amma ta waje tsaga ce kawai da ba ta wuce tafin hannu ba. Na sa fuskata a ɗaya, iska tana shigowa da ƙara kamar busar sarewa, ban ga komai ba sai ruwa da jirgi ɗaya can nesa. Ban fi minti arba'in a ciki ba aka fara hura usur ana cewa a fita.

Malamin Tarihi:

Irin wannan jan dutse daga Aswan ake sassaƙo shi, can kudancin Masar, kuma masana da yawa suna ganin ragowar tsoffin gine-ginen wurin ne aka sake amfani da su, har da na hasumiyar. Ginin da ka gani ma ya sha gyara, domin jiragen yaƙin Ingila sun yi masa luguden wuta a watan Yulin 1882, a harin da ya buɗe musu ƙofar mamaye Masar.

Ɗan Damagaram:

Malam, tunda magana ta biyo ta kan tarihi, ina da tambaya game da ɗakin karatun. Wani malaminmu a makarantar lise, wato sakandare, ya taɓa gaya mana cewa Musulmi ne suka ƙona tsohon ɗakin karatun Iskandariyya lokacin da Amru ɗan Asi ya ci garin, wai har aka yi watanni ana hura wutar gidajen wanka da littattafai. Wannan magana ta daɗe tana damuna. Wanda Alhaji ya shiga, gyaran wancan ne ko sabo ne?

Malamin Tarihi:

Sabo ne fil, an buɗe shi a watan Oktoban 2002, a kusa da inda ake kyautata zaton tsohon ya kasance, kuma wani kamfanin zanen gine-gine na ƙasar Norway mai suna Snøhetta ne ya zana shi. Game da labarin ƙonawa kuwa, Amru ya karɓi garin a wajajen 641 zuwa 642, amma labarin bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 13, a wajen Abdul Laɗif al-Bagdadi da Ibn al-Ƙifɗi, wato bayan kusan shekara 600, kuma marubutan da suka fi kusa da zamanin, Musulminsu da Kiristansu, ba su ambace shi ba. Shi ya sa galibin masana tarihi na yau, har da na Turai, ba su karɓe shi ba. Abin da ya fi tabbata shi ne ɗakin karatun bai mutu a rana ɗaya ba. Wutar da Yuliyas Kaisar ya cinna wa jirage a tashar ruwa a shekara ta 48 kafin miladiyya ta ci wani ɓangare na littattafan, sarakuna suka rage kula da shi, yaƙe-yaƙen ƙarni na uku suka lalata unguwar fada inda yake, sannan a shekara ta 391 aka rushe haikalin Sarafis wanda reshen ɗakin karatun ya taɓa zama a cikinsa. Wannan haikali kuwa a kan tudun da Amud al-Sawari yake tsaye ne, ɗaya daga cikin wuraren da Alhaji bai kai ba.

Baban Khalifa:

Ni dai abin da na gani shi ne gini kamar faifai da aka jingina, rabinsa a ƙasa rabinsa ya ɗago yana fuskantar teku. Katangar waje an sassaƙa mata haruffan rubuce-rubucen duniya, mai yi mana bayani ta ce sun kai iri 120, na tsaya ina neman ƙa da ɗa namu masu lanƙwasa har wuyana ya gaji ban gano su ba. Zauren karatun ya sauka hawa-hawa kamar matakala har goma sha ɗaya, hasken rana yana shigowa ta rufi ba tare da ya daki littafi ba, kuma an ce an tanadi wurin da zai ɗauki littafi miliyan 8, ko da yake kantoci da yawa ba su cika ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yara 'yan jami'a cike da tebura, kowa ya duƙufa, babu mai ɗaga murya. A ƙasa akwai ɗakin tsoffin rubuce-rubucen hannu, inda na ga wasu da rubutun Magaribi da ya yi kama da wanda muka koya a allo.

Almajirin Zawiya:

Alhaji, kun ce kun yi azahar a masallacin Abul Abbas, amma ba ku ce komai ba game da maƙwabcinsa. Ina fatan ba ku fito daga wannan fili ba tare da kun leƙa masallacin Imam Busiri ba, domin idan haka ta faru to ni ma zan koma ɓangaren ɗan yayanku. Mutumin da muke rera Burdarsa da Hamziyyarsa a kowane Maulidi tun muna yara, a ce an je har ƙofarsa an wuce?

Baban Khalifa:

Allah ya kiyaye, Malam, na shiga, kuma ba ya cikin takardar ma. Wani mai gyaran takalma a bakin babban masallacin ne ya nuna mini shi. Babban yana da faɗi, cikinsa kusurwa takwas, da manyan ginshiƙai da ƙubba mai tsayin da sai ka riƙe hula kafin ka kalle ta. Na Busiri ƙarami ne, shiru, kuma an zagaye bangonsa da baitocin ƙasidar. Na fara bin su da ido sai na ji bakina yana karantawa da karin da kakarmu take yi mana a tsakar gida, har wani Bamisire da yake zaune ya juyo yana saurare domin karin bai san shi ba, amma kalmomin nasa ne. Ya kama baiti na gaba da nasu karin, muka yi uku ko huɗu tare, sannan ya rungume ni ya tafi, ko sunansa ban tambaya ba.

Almajirin Zawiya:

Masha Allah, to ai tafiya ta biya. Shi Abul Abbas a garin Mursiya na Andalus aka haife shi a 1219, ya zama magajin Shehu Abul Hasan al-Shazili, kuma Busiri da Ibn Aɗa'illah duk sun sha daga gare shi. Mu Malikawa ma muna da rabo a garin, domin a nan Ibn al-Hajib ya rasu a 1249, wanda Shehu Khalil ya yi wa littafinsa sharhi kafin ya rubuta nasa Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu.

Abu Sumayya:

Ba don in ɓata wa kowa rai ba, amma ya kamata a faɗa wa masu niyyar zuwa cewa waɗannan masallatai akwai kaburbura a haɗe da su, kuma akwai malamai da yawa da suka hana yin salla a irinsu. Wanda yake kan wannan fahimta ya sani tun kafin ya isa, domin masallatai ba su yi ƙaranci a unguwar ba.

Mai Kula da Zaure:

An ji, Malam Abu Sumayya, kuma sanarwa ce mai amfani ga wanda ya buƙace ta. Saɓanin malamai a kan wannan mas'ala ya girmi zauren nan, don haka ina roƙon kada a buɗe shi a nan. A koma kan tambayar Alhaji.

Ɗan Agege:

Ni a gaskiya ina tare da yaron. A Legas aka haife ni, kuma ban ga abin da zai sa mutum ya biya kuɗin jirgi zuwa wata ƙasa ya zauna yana kallon ruwa ba, alhali da motar dare zai iya zuwa nan ya kalle shi har ya gaji. Abin da babu shi a Najeriya shi ne kabarin Rumawa da ginshiƙin da ya shekara 1,700 a tsaye. Alhaji ya bar abin da ba zai samu a gida ba ya kama abin da yake da shi a gida.

Maman Ilham:

Ɗan'uwa, a gidanka ne yake, ba a gidan Alhaji ba, domin daga Kano zuwa Legas ma tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Kuma ko a Legas ɗin, mutum nawa ne a Agege suke ganin teku a shekara? Bakin ruwan Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari an cike shi da yashi an yi Eko Atlantic, sauran wuraren kuma galibi sai an biya kuɗin shiga. Abin da na gani a Iskandariyya lokacin da na raka maigidana wani taro shi ne gari ne da ya juya fuskarsa gaba ɗaya ga ruwa. An shimfiɗe shi siriri a bakin gaɓa, ta yadda duk lungun da ka bi ka yi arewa sai ya fitar da kai teku, kuma da yamma kowa a can yake, da mai gasa masara, da mai sayar da wainar nan siririya mai zuma da suke kira fireska, da tsofaffi masu fatsa, da iyalai da flas ɗin shayinsu. Wanda ya zauna a kan wannan katanga awa biyu ya ga mutanen garin, wanda ya bi takarda kuwa zai ga masu yankar tikiti da direbobin tasi ne kawai. Ni ranar da na bi irin wannan jeri, na dawo da hotuna sun fi ɗari a waya, kuma yau idan ba na duba su ba, ba na iya bambance wanne ne wanne.

Ɗalibin Darrasa:

Hajiya, maganarku tana da ƙarfi, kuma na yarda cewa jeri bakwai ya yi yawa ga yini ɗaya, domin ba a tauna taura biyu balle bakwai. Sai dai ba zan janye game da Kom al-Shuƙafa ba. Dandalin Rumawa kujerun marmara ne a jere, wanda ya gan shi a hoto bai yi babbar asara ba. Shi ma ginshiƙin, duk da cewa tsayinsa ya kai mita 27 kuma gangar jikinsa dutse ɗaya ce ba haɗi, minti ashirin ya isa a zagaya shi, a kuma ji cewa Turawa sun laƙaba masa sunan Fomfe, wani jagoran yaƙin Rumawa, bisa kuskure alhali don girmama sarkin Rum Diyokiletiyan aka kafa shi. Amma kaburburan nan hoto ba ya ɗaukar su. Matakala ce take murɗawa tana sauka a kewayen wani rami kamar rijiya, wanda ta cikinsa ake zura gawa da igiya, kana sauka iska tana sauyawa tana yin sanyi da nauyi, har ka isa ɗakunan da aka fafe a cikin dutse tun ƙarni na biyu na miladiyya. A can za ka ga abin bautar Misirawa mai kan dila an sassaƙa shi sanye da kayan sojan Rum, wato al'adu uku, ta Fir'aunawa da ta Girkawa da ta Rumawa, sun cakuɗe a bango ɗaya. An manta da wurin ɗaruruwan shekaru sai a 1900 aka gano shi, kuma labarin da ake bayarwa shi ne jaki ne ya rufta ciki. Duk baƙon da na kai, a hanyar dawowa maganar wurin yake yi, ba ta sansani ba. Da Alhaji ya rage awa ɗaya daga teburin kifi, da ya haɗa teku da wannan duka.

Hajiya Mai Atamfa:

To ka ga mun dawo kan kifin da na faɗa tun farko.

Baban Khalifa:

Na gode muku gaba ɗaya, kuma na tura wa yaron duk abin da aka rubuta, ya ce a gaya wa Ɗalibin Darrasa ya biya shi, a gaya wa Maman Ilham kuma bai gamsu ba. Ni abin da na ɗauka shi ne laifin kifi ne da laifin sauka a tashar da ba ita ba, amma awa biyun nan na kan katanga ko yau aka mayar da ni sai na sake su. Likita ya ce mu dawo da Hajiya bayan wata uku a duba aikin, kuma tun da na nuna mata bidiyon igiyar ruwan da ta jiƙa ni take cewa ita ma sai an kai ta, domin shekararta 74 ba ta taɓa tsayawa a gaban teku ba, ko a aikin Hajji ta tagar jirgi ta hango shi. Tambayata ta ƙarshe ga waɗanda suka san garin ita ce, mai keken guragu ina da ina za ta iya shiga?

Ɗalibin Darrasa:

Kaburburan ƙarƙashin ƙasa a cire su, Alhaji, domin matakala ce zalla, haka ma saman sansanin, sai dai ta tsaya a farfajiyarsa da doguwar hanyar da take kaiwa gare shi, inda ruwa yake dama da hagu. Ɗakin karatu yana da lif da hanyar keke, masallacin Abul Abbas kuma yana da sashen mata, amma akwai 'yan matakalu a ƙofa da za a ɗaga ta. Wata ukun da kuka ambata zai faɗa cikin hunturu, lokacin da ake yin guguwar teku da ruwan sama da mutanen garin suke kira nawwa, don haka a duba hasashen yanayi kafin a yanki tikiti, a kuma tafi mata da bargo da safa. Wannan karon a Sidi Gabir ɗin za ku sauka da gangan, domin ta fi kusa da ruwa. Idan ba ni da darasi ranar zan zo in tura keken, ku kuma in saka ku a tasi zuwa Karmuz ku je ku ga abin da jaki ya tono, mu haɗu a masallaci da azahar.